Baƙon Suna: Haƙƙin Ɗa Ne Ko Kwalliyar Uba?

Daga ɗan'uwanku a Kongo, Tudun Wadan Zariya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da babanmu Annabi Adamu sunaye tun kafin a san allo da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa tsarkaka, da sahabbansa managarta, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, musamman waɗanda suka yi aure kwanan nan da waɗanda suke kan hanya, akwai wata cuta da ta shigo mana gida ba sallama, kuma da yake ba ta sa zazzaɓi balle a kwanta asibiti, sai aka ƙyale ta tana ta yaɗuwa. Cutar ita ce farautar baƙon suna. A yau a Kongo da Gyallesu da Tudun Jukun, kai har cikin ganuwa, da zarar an ce wa ɗan'uwa maiɗakinsa ta sauka lafiya, abin da zai fara yi bayan hamdala shi ne ya zaro waya ya faɗa intanet neman suna. Sharaɗinsa guda ne tak: ya zama babu mai irinsa a layinsu. Mene ne ma'anarsa? Wane bawan Allah ne ya taɓa amsa shi? Daga wane harshe ya fito? Duk wannan ba ruwansa, muddin dai sunan ya yi zaƙi a kunne, ya kuma yi kyau a jikin kalandar da za a raba wa mata. Ranar suna liman ya karɓi 'yar takarda ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sanƙira ya yi shela, dattawa su dubi juna. Kakar yaro ta yi mako guda tana koyon sunan jikanta, daga ƙarshe ta haƙura ta laƙaba masa nata.

Kada wani ya yi saurin cewa muna haramta abin da Allah bai haramta ba. Sam, baƙuntar suna ba laifi ba ce. Suratu Maryam ta ba mu labarin cewa Allah da kanSa Ya zaɓa wa ɗan Annabi Zakariyya (A.S.) suna Yahaya, sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba kafinsa. Malaman sira sun kawo cewa da Abdulmuɗɗalibi ya raɗa wa jikansa Muhammadu, Ƙuraishawa sun yi mamakin yadda ya bar sunayen iyaye da kakanni, shi kuwa ya nuna masu cewa fatansa yaron ya zama abin yabo a sama da ƙasa. Haka nan ruwayoyi sun zo cewa Imam Ali (A.S.) ya so ya kira ɗansa na fari Harbu, wato yaƙi, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya ce Hasan, da ƙaninsa ya zo kuma ya ce Husaini, sunayen da Larabawan jahiliyya ba su saba da su ba.

Mu dawo gida. A shekarar 1793 aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye, namiji da mace. Namijin aka sa masa Hassan kamar yadda aka saba, kuma bisa al'adar ƙasar nan macen Usaina za a kira ta, babu ko shawara. Shehu ya saɓa wa al'ada ya ce Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (R.A.), wadda ta riƙa kai guzuri kogo lokacin hijirar Manzo. Yarinyar tana da kimanin shekara 11 ta yi tata hijirar tare da mahaifinta daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta girma ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojinta suke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, har ta koma ga Mahaliccinta a 1864. Ga ta nan har gobe makarantu suna amsa sunanta.

To, ina bambancin waɗannan da namu? Su ma'ana suka nema, da fata, da abin koyi, sai baƙuntar ta biyo baya. Mu kuwa baƙuntar muke nema ido rufe, in ma'ana ta biyo baya to, in ba ta biyo ba oho. Su sun zaɓi suna ne saboda yaron, mu muna zaɓa ne saboda kanmu, don a ce wane ɗan gayu ne, wance wayayya ce. Wato an mai da jariri kamar sabuwar shadda ko lambar mota, abin nuna wa tsara. Alhali duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa kyakkyawan suna yana daga cikin haƙƙoƙin farko da ɗa yake bin ubansa. Kai za ka sha yabon kwana bakwai, shi ko zai ɗauki kayan shekara saba'in, a kira shi da shi a makaranta, a ɗaura masa aure da shi, a yi shelar jana'izarsa da shi, 'ya'yansa kuma su jingina nasu sunan a jikinsa.

Da abin wasa ne da Manzon Allah (S.A.W.) bai tsaya canja wa manyan mutane suna ba. Ya canja wa 'yar Sayyidina Umar (R.A.) suna daga Asiya, mai saɓo, zuwa Jamila. Ya canja Barra zuwa Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai, ya kuma yi wa Uwar Muminai Juwairiyya irin wannan canjin. Akwai kuma ƙissar kakan babban tabi'in nan Sa'idu ɗan Musayyib, wanda sunansa Hazn, wato ƙasa mai tauri da gargada. Manzo ya so ya mayar da shi Sahl, mai sauƙi, shi ko ya ƙi rabuwa da sunan da ubansa ya sa masa, kuma jikan nasa da bakinsa ya shaida cewa taurin nan bai bar gidansu ba. Bahaushe ya taƙaita duk wannan a kalma biyu da ya ce suna linzami. To wane irin mahayi ne zai sa wa dokinsa linzamin da bai san inda zai ja shi ba?

Wani zai ce, “Ai Malam daga Alƙur'ani na ciro.” Madalla. Amma Fir'auna da Hamana da Ƙaruna su ma a cikin Alƙur'ani suke. Hawiya kalma ce mai daɗin faɗa, in ba ka sani ba ka rantse sunan amarya ne, alhali ramin wuta ne, Allah Ya kiyashe mu. Saƙara ma sunan wuta ce, Zaƙƙum kuma itaciyar da 'yan wuta suke ci. Ayyana tambaya ce kawai, ma'anarta yaushe. Manal suna ne na Larabawa mai nufin abin da aka cimma, amma in ka karkatar da wasali ka ce minal, to ka faɗi guntun magana ne da bai wuce “daga” ba. Ga kuma wani ramin da rubutun boko ya haƙa mana. Asiya matar Fir'auna, wadda Allah Ya buga misali da imaninta, da alif da sin ake rubuta ta. Asiyar da Manzo ya canja kuwa da ain da sad take. A boko duk biyun haruffa biyar ne iri ɗaya, babu mai raba su sai wanda ya san asalin. Shafin intanet da wani wanda bai iya alif ba ya tattara, yana kwafo daga wani shafin da shi ma kwafowa ya yi, shi ne zai raba maka su? Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan fa a ɓangaren masu neman Larabci ke nan. Masu ɗauko laƙabi daga finafinan Indiya da na Turawa kuwa, nasu ya fi muni. Wadda ake yi wa kirari da Puja ba ta san kalmar tana nufin ibadar da mabiya addinin Hindu suke yi wa abin bautarsu ba. Dayana kuma sunan gunkiyar farauta ce ta Rumawan dā. Mutanen da suka sa wa 'ya'yansu waɗannan sun san abin da suke yi, tarihinsu ne da aƙidarsu. Kai da ka kwaso a gaban talabijin, me ka sani a kai?

Mu dubi iyayenmu da muke yi wa kallon 'yan gargajiya. Ban da sunan yanka, wanda kusan kullum na annabi ne ko sahabi ko wata baiwar Allah, sukan ba yaro laƙabin da yake ɗauke da labarinsa kacokan. Ka ji Ɗanladi ko Ladi ka san ran Lahadi aka haife su, Ɗanlami da Lami ran Alhamis, Jummai ran Juma'a, Bala ran Laraba. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi ya zo duniya bayan mahaifinsa ya bar ta, Azumi a watan Ramalana ta zo. Ko sunayen wabi irin su Ajuji, waɗanda ba mu yarda da camfin da ke ƙarƙashinsu ba domin rai da mutuwa a hannun Allah suke, aƙalla kana ji ka san akwai uwar da ta binne 'ya'ya ta sha kuka. Idan kuma aka mayar da sunan kaka, sai alkunya ta sa a ce Abba ko Baffa ko Ummi ko Inna, don kada suruka ta riƙa kiran sunan surukinta gatsau a tsakar gida. Wannan ladabi ne da hikima. Yau mun tuɓe Abba da Ummi mun ɗaura Dadi da Momi, sai ka ga ƙato da gemu ana ƙwala masa Dadi a bakin kasuwa, muna kiran wannan ci gaba. Ci gaban mai haƙan rijiya!

Tushen abin, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, raina kai ne. Turawan mulkin mallaka sun sauke tutarsu a 1960, amma sun bar mana wani abu a ƙwaƙwalwa, cewa duk abin da yake namu ƙauyanci ne, duk abin da ya ƙetaro teku wayewa ne. Wanda ya ji kunyar a ce 'yarsa Hadiza ce ko Hauwa'u, gobe zai ji kunyar harshen da ya sha a nono, jibi kuma ya ji kunyar tsohuwar da ta shayar da shi.

Ku dubi waɗanda aka ƙwace wa suna da ƙarfi, ku ga yadda suka san darajarsa. Baƙaƙen fatar Amurka da aka kwashe kakanninsu daga wannan nahiya tamu, an tuɓe masu sunayensu an liƙa masu na iyayen gijinsu. Shi ya sa Malcolm ya jefar da Little ya sa harafin X a gurbin sunan da aka sace, bayan ya yi aikin Hajji a 1964 aka san shi da Alhaji Malik Shabazz, kuma da ya zo Ibadan a wannan shekarar ɗalibai suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida. A 1964 ɗin dai zakaran damben duniya Cassius Clay ya zama Muhammad Ali, kuma a 1967 da abokin karawarsa Ernie Terrell ya nace wa kiransa da tsohon suna, sai da ya yi ta jibgar sa a fili yana tambayarsa sunansa. A Bulgeriya, tsakanin 1984 da 1985, gwamnatin gurguzu ta tilasta wa dubban ɗaruruwan Musulmi Turkawa canja sunayensu, har a 1989 fiye da mutum 300,000 suka bar ƙasar zuwa Turkiyya. A 2017 hukumomin Sin a yankin Shinjang suka fitar da jerin sunayen da aka hana Musulmin Uigur sa wa 'ya'yansu, ciki har da Makka da Madina da Imam. Azzalumi ya san abin da suna yake riƙe da shi, shi ya sa yake fara kai hannu can. Mu babu soja a ƙofar gidanmu, babu dokar da ta hana mu, da hannunmu muke zubarwa. Abin mamaki, a Ingila da Wales hukumar ƙididdiga ta bayyana cewa a 2023 Muhammad ne sunan da aka fi sa wa jarirai maza, yara fiye da 4,600, ya ture Noah, wanda shi ma in ka duba Annabi Nuhu ne. Sunan da ake rububinsa a Landan shi ne wani a Tudun Wada yake cewa ya yi yawa.

Kada kuma mu masu zuwa masallaci da wa'azi mu ɗauka wannan bulalar ta 'yan gayu ce kawai. Mu ma muna da tamu farautar, sai dai tamu a labaran rediyo muke yin ta. Lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 an yi ta sa wa jarirai Saddam a ƙasar Hausa, ba tare da an tsaya an tambayi jinin Musulmi nawa ne a hannun mai sunan ba. Bayan 2001 aka koma Usama, kuma ko da yake suna ne na sahabi, Usamatu ɗan Zaidu abin ƙaunar Manzo, kowa ya san ba shi mafi yawan iyayen suke nufi ba. Yaran nan yanzu magidanta ne, guguwar ta wuce, su kuma suna nan da kayan da aka ɗora masu. Zafin kai na mako guda bai isa ya zama dalilin sunan da za a amsa har kabari ba.

Akwai kuma masu ganin duk abin da ba Larabci ba kafirci ne, har su riƙa yi wa Tanko da Kande dariya. Waɗannan su koma darasin nahawu. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ da Yaƙub da Yusuf, malaman nahawu sun ce sunaye ne na ajami, shi ya sa ba sa karɓar tanwini. Mariyatul Ƙibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzo, da sunanta na Masar ta zauna a gidan Annabta. Abu Jahli da Abu Lahabi kuwa Larabawa ne tsantsa. Ma'auni shi ne kyawun ma'ana da tsarkinta daga shirka, ko da wane harshe ne. A nan Zazzau ma, labarin da muka gada ya ce garin nan ya samo sunansa ne daga Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, kuma ba mu ji malamin da ya ce a canja shi ba.

Ga wata wahalar kuma ta duniya wadda duk mazaunin Kongo yake gani da idonsa lokacin rajistar ɗalibai. Uba ya zaɓi sunan da shi kansa bai tsayar da rubutunsa ba. A takardar haihuwa a rubuta shi iri ɗaya, a firamare malami ya rubuta yadda kunnensa ya ji, a sakandare yarinya ta ƙara masa haruffa don gayu. Ko sananniyar Hadiza ana samun Khadija da Khadijat da Khadeejah, ina ga sunan da ba a taɓa ji ba? Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma in sunan da ke jikinta ya saɓa wa na takardar WAEC ko NECO ko na banki, sai a shiga zaryar kotu neman takardar rantsuwa, a biya kuɗin sanarwa a jarida, a bi layin gyara, wani har lokaci ya ƙure masa. Uban da ya yi gayun yana gida, ɗan ne a rana.

Na san hujjar da ta rage. Za a ce aji guda A'isha biyar, Muhammadu bakwai, dole a nemi abin da zai bambanta yaro. To ai rumbun bai ƙare ba, mu ne ba mu buɗe shi ba. In baƙon suna kake so wanda yake da asali, ina Mus'ab, saurayin da ya bar daular gidansu a Makka, ya zama jakadan farko zuwa Madina, ya yi shahada a Uhudu riƙe da tuta? Ina Miƙdad, mahayin dokin Badar? Ina Ammar da Khabbab da suka sha azaba ba su saki tauhidi ba? A mata ina Sumayya, shahidiyar farko a Musulunci? Ina Nusaiba da ta tsaya da takobi tana kare Manzo ranar Uhudu? Ina Rufaida mai jinyar waɗanda aka raunata a tantinta, ko Shifa'u da ta koya wa Uwar Muminai Hafsa rubutu? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan in ɗanka ya tambaye ka, “Baba, wane ne mai sunana?” kana da labarin da za ka ba shi har ya yi barci, ya tashi yana son ya zama wani abu. Wanda ya ciro nasa a waya kuwa, me zai ce? Na ga ya yi daɗi ne?

Sai dai mu sani, suna shi kaɗai ba ya gyara mutum. Mobutu ya canja wa ƙasar Kwango suna zuwa Zayar a 1971, a 1972 ya jefar da Joseph ya zama Sese Seko, ya kuma umarci jama'arsa su bar sunayen Turawa, duk da sunan komawa ga asali. Bai hana shi wawure dukiyar ƙasar ba har aka kore shi a 1997. Ka sa wa ɗanka Mus'ab ka sake shi a titi ba karatu ba sana'a, ka ci amanar sunan ka ci amanar yaron. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in Allah Ya ba ka ƙaruwa, kana da kwana bakwai kafin a yanka rago, kamar yadda ka karanta a Risala. Ka yi amfani da su. Ka zauna da maiɗakinka ku yi shawara, domin ita ta ɗauki cikin wata tara. Ka ji ta bakin iyayenka. Sa'an nan ka rubuta sunan da harufan Larabci in na Larabci ne, ka kai wa malamin da ya san lugga ya faɗa maka ma'anarsa da wanda ya taɓa amsa shi. Ba ka da uzuri a garin nan. Ga Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Kongo, ga zaurukan malamai a Kona da Unguwar Juma in ka shiga ta Ƙofar Doka, ga malamin Islamiyyar da ya koya maka alif. Matambayi ba ya ɓata. Ka gwada sunan a bakin tsohuwarka, in ta kasa faɗa to ka sake tunani. Ka tsayar da rubutu ɗaya na boko tun daga takardar haihuwa, kada ka bari kowa ya taɓa shi. In kuma an riga an sa wa ɗanka suna mai mugunyar ma'ana, canjawa sunna ce, kuma tun yana goye ya fi sauƙi da araha.

Allah Ya raya mana zuri'armu bisa tafarkin ManzonSa, Ya sa su amsa kyawawan sunaye da kyawawan ayyuka, Ya sa kada su tsaya gabanSa suna ƙarar mu.